Zauren Lafiya: Shin ni na kai mahaifina ga ajalinsa?

Tun ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta sanar cewa korona ta daina zama annobar gaggawa, amma a nan Maraɗi maganar allurarta ba ta mutu ba, domin fiye da rabin wasiƙun da suka iso wannan shafi a watan nan a kanta suke. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, a shekarar 2021 mahaifina ya karɓi allurar korona saboda yana da niyyar sauke farali idan an buɗe hanya, kuma ni ne na ɗauke shi a kan babur na kai shi. Bayan wata biyar ya faɗi a bakin shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya yi jinya har Allah ya karɓi abinsa. Ya daɗe yana da hawan jini. Ƴan'uwana sun ce allurar ce, yanzu kuma mun ji kamfanin AstraZeneca ya janye tasa daga kasuwa. Ka gaya mini gaskiya, ni na kai shi ga ajalinsa? (Wani ɗan kasuwa, unguwar Sabon Gari)

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashinsa. Alhaji, ban ga marigayin ba kuma ban ga takardunsa na asibiti ba, saboda haka abin da zan iya shi ne in shimfiɗa maka yadda illar allurar take, ka gwada ta da abin da ka gani da idonka.

Gaskiya ne allurar AstraZeneca tana da wata illa mai kisa, kuma ba ɓoyayyiya ba ce. A watan Maris 2021 ƙasashen Turai da dama suka dakatar da ita na ƴan kwanaki, sannan ranar 7 ga Afrilu hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa akwai yiwuwar alaƙa tsakaninta da wata irin daskarewar jini da ba a saba gani ba, wadda ke zuwa tare da raguwar ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. A Ingila an ƙiyasta tana samun kimanin mutum 1 cikin 50,000 na waɗanda ba su kai shekara 50 ba, da kimanin 1 cikin 100,000 na waɗanda suka haura haka, shi ya sa can suka koma ba matasa wata allurar daban. An ga irinta ga allurar Johnson & Johnson, har Amurka ta dakatar da ita na ɗan lokaci a Afrilun 2021. Amma wannan illa tana da lokacinta da kamanninta. Takan bayyana ne daga kwana 4 zuwa kamar wata guda bayan allurar farko, da matsanancin ciwon kan da ba ya jin magani, ko dishi-dishin gani, ko ciwon ciki mai tsanani, ko kumburin ƙafa, ko ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fata, kuma ta fi kama masu ƙarancin shekaru. Dattijon da ya yi wata biyar yana zuwa masallaci da kasuwa lafiya lau kafin ya faɗi ya riga ya wuce wannan wa'adi da nisa.

Abin da ka kwatanta kuwa, wato tsoho mai daɗaɗɗen hawan jini ya yanke jiki ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, abu ne da na yi ta gani tun ina matashin ma'aikacin jinya, shekaru da yawa kafin a ji sunan korona. Mutanenmu sukan sha ƙwayar hawan jini ne sa'ad da kai ke ciwo, da zarar ya lafa sai a tura kwalin ƙarƙashin matashi, alhali cutar tana nan tana cin jijiyoyi ba tare da ta yi sallama ba. Da za a tara dattawa dubu a ba kowa kofin ruwan randa, cikin wata biyar sai an samu waɗanda suka faɗi, kuma ba wanda zai zargi randar. Abin da ya biyo bayan allura daban, abin da allura ta haddasa daban, kuma hanyar da masana ke bi su raba su ita ce su ƙirga ko faɗuwar ta fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Da wannan ƙirgar aka kama daskarewar jinin da na ambata, duk da ƙarancinta.

Game da janyewar, a watan Mayu 2024 ne kamfanin ya tsayar da sayar da allurar, yana mai cewa sababbin allurai da aka gyara domin sababbin nau'o'in cutar sun cika kasuwa, tasa ta rasa masu saye. A daidai lokacin ana shari'a da shi a Ingila, inda ya amsa a rubuce cewa allurar kan jawo daskarewar jinin jefi-jefi, sai mutane suka haɗa labaran biyu, biri ya yi kama da mutum. Sai dai abin da ya amsa ɗin yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin allurar tun 2021. Ka duba katin marigayin ma, domin a Nijar da allurar Sinopharm aka fara, guda 400,000 da ƙasar Sin ta bayar, wadda aka ƙaddamar a Yamai ranar 29 ga Maris 2021, kuma mai yiwuwa ba AstraZeneca aka yi masa ba sam. Ban ga hannunka a cikin wannan rasuwa ba, Alhaji. Ɗa ne ya ɗauki ubansa domin ya cika masa burin zuwa Makka. Abin da nake roƙonka shi ne kai da ƴan'uwanka duka ku je a auna jininku a makon nan, domin hawan jini yana bin gida.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ba jahili ba, amma ban yarda aka yi mini ba. Mun san abin da Pfizer ya yi wa yaran Kano, mun ji likitocin Faransa suna cewa a gwada magani a kan ƴan Afirka, an haɗa allurar cikin shekara guda, sannan aka kawo mana ita kyauta har ƙofar gida alhali zazzaɓin cizon sauro da ke kashe ƴaƴanmu sai mun sayi maganinsa. Da wace hujja za mu yarda? (Wani malami, Tibiri)

Amsa: Malam, ba zan kira ka jahili ba, kuma ina ganin babban kuskuren da aka tafka a 2021 shi ne ɗaukar duk mai tambaya a matsayin jahili. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, mu kuwa an sare mu ba sau ɗaya ba.

A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan rabi aka ba su wani maganin da aka saba da shi, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara guda kafin wannan, a 1995, mu ma a Nijar an shigo mana da jabun allurar sanƙarau a matsayin gudummawa, aka yi wa dubban mutane ruwan da ba magani a cikinsa kafin ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF su lura ba ta narkewa yadda ya kamata, kuma a 2015 da 2019 OMS ta sake yin gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka kama a ƙasar nan. Maganar likitocin Faransa ma ta faru: a farkon Afrilu 2020, a tashar talabijin ta LCI, Jean-Paul Mira da Camille Locht suka tattauna gwada allurar tarin fuka ta BCG a Afirka a matsayin rigakafin korona, da lafazin da ya fusata nahiyar baki ɗaya, har shugaban OMS, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya fito ya la'anci maganar. Duk wanda ya ce maka waɗannan ƙage ne, shi ne bai san tarihi ba.

Inda na rabu da kai shi ne hukuncin da ka yanke daga wannan tarihi. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da aka gwada a kan marasa lafiya a asibiti guda, ba rigakafi ba ne. Allurar korona kuwa, maimakon a fara da mu, sai da masu ita suka ƙoshi tukuna. Wadda aka fara yi wa allurar Pfizer bayan an ba da izini wata tsohuwa ce Baturiya mai shekara 90, Margaret Keenan, a Ingila ranar 8 ga Disamba 2020, fiye da wata uku kafin digo ɗaya ya iso Yamai. Ƙasashen masu arziki sun saye mafi yawan abin da aka sarrafa, suka bar mana ragowa, wani lokaci ma wadda ta kusa lalacewa, har Najeriya ta lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja a Disambar 2021 saboda wa'adinsu ya ƙare. Zaluncin da aka yi wa Afirka a wannan karo na rowa ne, kuma ba a yin rowar guba.

Saurin haɗa ta ma yana da bayani. An daɗe ana nazarin dangin wannan ƙwayar cuta tun ɓullar SARS a 2002 da MERS a 2012, kuma binciken Katalin Karikó da Drew Weissman da aka gina allurar Pfizer da Moderna a kansa an wallafa shi tun 2005. Abin da ya canza a 2020 shi ne kuɗi sun zubo ba adadi, masu sa kai sun yi yawa, cutar kuma tana ko'ina, don haka gwajin da ake jiran shekaru kafin a ga sakamakonsa ya nuna cikin watanni. Gwajin Pfizer kaɗai ya ƙunshi mutum kimanin 44,000. Daga baya an yi allura sama da biliyan 13 a duniya, kuma a cikin wannan taro aka gano sauran illolin da gwaji bai isa ya nuna ba, kamar kumburin tsokar zuciya da kan sami wasu samari kwanaki kaɗan bayan allura ta biyu ta Pfizer ko Moderna, wanda galibi yakan warke, da borin jini mai tsanani da kan sami kimanin mutum 5 cikin miliyan, wanda saboda shi ne ake zaunar da mutum minti 15 kafin a sallame shi.

A kan batun kyauta kuwa ina tare da kai fiye da yadda kake zato. Alƙaluman hukuma sun nuna waɗanda korona ta kama a Nijar ba su kai 10,000 ba, waɗanda ta kashe kuma sun ɗan haura 300, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne, kuma kusan rabin al'ummarmu ba su kai shekara 15 ba, alhali tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini cutar ta fi kayarwa. Mutumin da ya binne yaro a damina saboda zazzaɓi, wanda aka rubuta masa takarda ya je farmasi duk da an ce maganin yara ƙasa da shekara 5 kyauta ne, yana da haƙƙin ya yi mamaki idan ya ga mota ta zo ƙauyensu da lasifika saboda cutar da bai taɓa ganin gawarta ba. Dalilin shi ne masu ba da kuɗin suna tsoron cutar ta rikiɗa a wurinmu ta koma musu, wato son kai ne, wanda kuma ya sha bamban da mugun nufi. Saurayi lafiyayye da ya ƙi karɓa a Tibiri bai yi babbar kasada da ransa ba. Dattijo mai ciwon suga da ya ƙi, ya yi.

Ina tuna maka abu guda daga tarihin namu. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004 da aka kawo na Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, mu da ke bakin iyaka tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ba mu tsira ba, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Akwai samarin da ke jan ƙafa a titunanmu yau waɗanda jarirai ne a waɗancan shekaru. Sannan kamfanin Serum Institute na Indiya, wanda ya sarrafa AstraZenecar da shirin raba allurar korona na COVAX ya kawo mana, shi ne ya sarrafa allurar sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, wadda ta kusan shafe nau'in sanƙarau na A da ke cika rumfunan asibitocinmu duk bazara.

Tambaya: Shekarata huɗu da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. An yi mini allurar korona kafin biki, kuma a watan da aka yi ta al'adata ta yi jinkiri. Uwar mijina ta ce allurar ce ta ƙone mini mahaifa. (Wata baiwar Allah, Madarunfa)

Amsa: Ƴata, jinkirin da kika gani ba mafarki kika yi ba. Mata da yawa a duniya sun yi wannan kuka, da farko ba a saurare su ba, daga baya bincike ya tabbatar cewa allurar kan ɗan jinkirta al'ada, a matsakaici ƙasa da kwana guda, wasu fiye da haka, sannan ta koma daidai cikin wata ɗaya ko biyu. Zazzaɓi mai zafi ko tashin hankali ma sukan yi hakan. Amma haihuwa ba ta taɓu ba: masu bincike a Jami'ar Boston sun bi ma'aurata sama da 2,000 masu neman haihuwa, suka wallafa a farkon 2022 cewa waɗanda aka yi wa allurar suna samun ciki daidai da waɗanda ba a yi wa ba, sai ma suka lura cewa mazan da cutar kanta ta kama ƙarfin haihuwarsu ya ɗan ragu na ƴan makonni. Ki duba kuma matan da kuka yi layi tare a ranar, ki ƙirga nawa ne ke goye yanzu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne shekara huɗu sun wuce ana zargin allura ba a je an duba ba. Idan ma'aurata suka shekara guda suna tare ba ciki, lokacin ganin likitan mata ya yi, domin sau da yawa matsalar toshewar hanyar ƙwai ce sakamakon ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko rikicewar sinadaran jiki, kuma da dama daga cikinsu suna da magani. Ku tafi tare da maigidan, domin a kaso mai yawa na irin wannan jinkiri daga wajen namiji matsalar take, gwajinsa kuwa ya fi naki sauƙi da araha. Na san faɗin wannan a gaban uwar miji ba ƙaramin abu ba ne, saboda haka ki bari likita ya faɗa da bakinsa.

Tambaya: An turo mana saƙon murya a WhatsApp cewa duk wanda aka yi wa allurar zai mutu cikin shekara biyu, kuma akwai maganaɗisu a cikinta. (Wani ɗan kabu-kabu, unguwar Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Ɗana, a 2021 aka fara yaɗa wannan saƙo, a 2021 aka yi mini tawa, ga ni kuma ina amsa wasiƙarka. Ruwan allurar bai wuce rabin mililita ba, cokalin da ake mannawa a wurin allurar don a nuna akwai maganaɗisu kuwa yakan manne a damtsen duk mai zufa. Ka shafa hoda a wurin ka sake gwadawa.

Tambaya: Tun zamanin korona maigidana ya hana a yi wa yaranmu kowace irin allura. Ya ce duk tafiyarsu ɗaya, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ina da jaririya ƴar wata biyar ko lamba ba a yi mata ba. (Wata uwa, unguwar Zariya)

Amsa: Hajiya, wasiƙarki ce ta fi tayar mini da hankali, domin nan ne rigimar manya ta sauka a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma da laifinmu ma'aikatan lafiya a ciki. Na tsaya a wani wurin allura a 2021 na ji wata ma'aikaciya tana ce wa wata tsohuwa, “Inna, ko ciwon kai ba za ki yi ba.” Da dare zazzaɓi ya rufe tsohuwar, damtse ya yi tsami, abin da aka san yana faruwa kuma yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Washegari gidan nan kaf suka ƙi fitowa, bayan ƴan watanni kuma da masu rigakafin ƙyanda suka zo aka rufe musu ƙofa. Da an ce mata za ta yi zazzaɓi ta sha farasitamol, da zazzaɓin ya zama shaidar gaskiyarmu.

Alluran yara ba sababbi ba ne. BCG, mai barin lamba a damtse, an fara amfani da ita tun 1921, kuma ina kyautata zaton maigidan naki yana ɗauke da tabonta. Wadda ake yi a sati 6 da 10 da 14 tana kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da tarin shiƙa da mashaƙo, shi mashaƙon nan da ya dawo ya kashe yara a Kano da yankin Matamaye a 2023, mafi yawansu waɗanda ba a yi wa rigakafi ba. Ana sa ran ɗan zazzaɓi da kuka da kumburin cinya bayanta. Abin da ke bukatar a koma asibiti nan take shi ne suma, ko jijjiga, ko wahalar numfashi, ko ƙin kama nono. A cibiyar lafiya kawai za ki yarda a yi mata, kada a hannun mai yawo da jaka.

A kan ƙaddara, malamai sun fi ni sani, amma sananne ne cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Har yau kuma ba maniyyacin da ke shiga Saudiyya ba tare da shaidar allurar sanƙarau ba.

Ban ba ki shawarar ki kai ta a ɓoye ba, domin ranar da ya ga lambar rigimar za ta fi ta yanzu. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ko limamin unguwa ko wansa ko mahaifiyarsa, ki roƙi su raka shi cibiyar lafiya ya yi tambayoyinsa da kansa, a nuna masa kwalbar da ranar ƙarewar wa'adinta. Wata biyar bai makara ba, za a fara mata daga farko a bi da tazarar sati huɗu-huɗu, kuma tana cika wata tara ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau na jiranta. Ki tafi da katunan yayyenta ma, a duba abin da ya tsere musu.